Darasi: yadda ake shata iyaka tsakanin garuruwa maƙwabta

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a zamanin kakanninmu daji yana da faɗi, kowane gari yana noma inda ƙarfinsa ya kai. Yanzu mutane sun yi yawa, gonakin wannan gari sun haɗe da na wancan. Shi ya sa da faɗuwar damana sai gardama ta tashi bisa iyaka. Wani lokaci har a zubar da jini, gona ta kwana ba shibka.

Me doka ta ce?

Ranar 2 ga watan Maris 1993, gwamnatin Nijar ta fitar da dokar tsarin karkara. Dokar ta ce haƙƙin da mutum ya samu bisa al'ada da wanda ya samu bisa takarda, kariya ɗaya gare su. Ke nan gonar gado ba ta faɗuwa don ba ta da takarda. Amma shaidar baki tana bin tsofaffi kabari, takarda kuwa tana jiran jikoki.

Dokar ta tanadi hukumar kula da filaye, wadda ake ce ma Kofo. A ƙauye, maigari ne shugabanta, kuma akwai wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa. Kofo ba ta yanke hukunci. Aikinta ta binciki mai fili, ta rubuta, ta ajiye.

Yaya za mu yi?

1. Mu yi aikin da rani, tun ba a yi shibka ba.
2. Masu garin biyu su kira dattawan da suka san tarihin wurin, da masu gonakin bakin iyaka, da makiyaya.
3. A taka iyakar da ƙafa, gaban kowa, daga farko har ƙarshe.
4. A ware burtali, da makiyaya, da hanyar mashaya. Waɗannan na jama'a ne, ba a noma su.
5. A kafa turakun siminti, a dasa aguwa ko gamba tsakaninsu. Dutse yana gusawa, kuka ma tana faɗuwa, don haka alama ɗaya ba ta isa.
6. A rubuta abin da aka shirya. Kowane ɓangare ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, ya riƙe takardarsa, Kofo ta ajiye tata.

In ba a shirya ba fa?

Sai a kai maganar gaban sarkin kanto don ya yi sulhu. In an daidaita, a rubuta takardar sulhu. In abin ya gagara, a rubuta haka nan, sa'annan a tafi wurin alƙali. Kada kowa ya tuge turke ko ya ɗauki makami.

Mu da muka koyi karatu, mu karanta ma jama'a takardar da babbar murya kafin su sa hannu.

Tambayoyi

1. Wane ne shugaban Kofo a ƙauye?
2. Don me ake shata iyaka da rani?
3. Garinku yana da takardar iyakarsa?