Ciwon Gautsin Ƙashi: Abin da Ya Kamata Ɗalibi Ya Sani

Sau da yawa ɗalibai kan ɗauka cewa ƙarfin ƙashi daga sinadarin kalshiyam kaɗai yake. Wannan rabin gaskiya ne. Ƙashi tamkar ginin siminti da rodi yake. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa ma'adinai ne, wato kalshiyam da fosfet, su ne simintin. Sauran kuwa galibi furotin ne mai suna kolajin, shi ne rodin da ke ba ƙashi damar jure lanƙwasa.

Malami na iya nuna wannan a aji. A jiƙa ƙashin kaza cikin ruwan binega har mako guda. Ma'adinan za su narke, ƙashin ya riƙa lanƙwasuwa kamar roba. A ƙona wani a garwashi. Kolajin zai ƙone, ƙashin ya marmashe a hannu. Wannan na biyun shi ne ke kusa da halin mai ciwon gautsin ƙashi, wanda likitoci ke kira ostiyojenesis imfafekta.

Ciwon na gado ne, kuma yakan samu kimanin jariri 1 cikin 15,000 zuwa 20,000. Kolajin igiya ce mai tufka uku, kuma ƙwayoyin gado biyu ne ke ɗauke da umarnin tufka ta: COL1A1 a kan kuromosom na 17, da COL1A2 a kan na 7. Idan ɗayansu ta sami tangarɗa, sai jiki ya yi kolajin kaɗan, ko ya yi marar ƙwari. A mafi yawan lokuta, idan uwa ko uba na da ciwon, kowane ciki yana da damar kashi 50 cikin 100 na gadonsa. Akan kuma haifi yaro da shi alhali iyayensa lafiya lau.

A 1979 wani likitan Ostireliya, David Sillence, ya kasa ciwon gida huɗu, daga mai sauƙi zuwa wanda kan kashe jariri jim kaɗan bayan haihuwa. Alamominsa sun haɗa da yawan karaya ba tare da mummunar faɗuwa ba, da farin ido mai shuɗi-shuɗi, da raunin haƙora, da raguwar ji bayan an girma.

Madara da hasken rana suna taimakawa, amma ba sa gyara kolajin. Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da ciwon ba, sai dai na rage wahalarsa. A 1998 Francis Glorieux da abokan aikinsa a Kanada sun nuna cewa allurar famidironet tana ƙara kaurin ƙashin yara masu ciwon. Likitocin ƙashi kuma sukan zura sandar ƙarfe cikin ƙashin cinya don ta tallafe shi.

Akwai abin lura ga iyaye. Ƙashin da ba ya motsi raguwa yake yi. Saboda haka ɗori mai tsawo, da hana yaro motsi don tsoron karaya, suna ƙara masa rauni. Iyo da motsa jiki bisa shawarar likita sun fi masa amfani. Yaron da ya karye sau uku ko huɗu babu ƙwaƙƙwaran dalili, a kai shi asibitin ƙashi a bincika, kafin a zargi maita ko sakacin uwa. Basirarsa kamar ta kowa ce, kuma aji wurinsa ne.