Hakkin Masu Riƙe Mana Gidaje: Darasi a Kan Aiki da Lada

Darasinmu na wannan wata ya shafi waɗansu ma'aikata ne da ba safai ake lissafa su cikin ma'aikata ba. Su ne mutanen da aikinsu shi ne su shiga gidan wani su tallafi iyalinsa a daidai lokacin da iyalin ya kasa riƙe kansa: ungozoma, da ma'aikaciyar lafiya ta ƙauye, da yarinya 'yar aiki, sa'an nan a cikin Ikilisiya akwai katikis da matarsa. Za mu ɗauki ƙasar Fakku, a Ƙaramar Hukumar Kebbe, tare da maƙwabciyarta Tambuwal, a kudancin Jihar Sakkwato, mu duba su wane ne waɗannan mutane, yadda ake ɗaukarsu aiki, da abin da ke shiga hannunsu in wata ya ƙare. Abin da za mu gani a can, shi za mu tarar kusan a ko'ina cikin Dayosis ɗinmu.

Mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya. Ana noma gero da dawa da wake da damina, a fadamu kuma a yi shinkafa da albasa. Da zarar an kai amfanin gona rumbu, samari da magidanta da yawa sukan tafi cin rani, waɗansu zuwa Jega da Birnin Kebbi, waɗansu har Ibadan da Legas, su bar gida a hannun mata da tsofaffi na tsawon watanni. A 'yan shekarun nan kuma fitinar 'yan bindiga, wadda ta addabi ƙasashen da ke iyaka da Zamfara, ta sa tafiyar dare zuwa asibiti ta zama abin da ake shakka. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa a Jihar Sakkwato haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai ɗaya cikin goma ba. Sauran duka a ɗaki ake yinsu. To, wane ne yake wurin in naƙuda ta taso da tsakar dare?

Ungozoma ce. Galibi tsohuwa ce wadda ta daina haihuwa, sau da yawa kuma mijinta ya rasu. Ba makaranta ta koya mata aikin ba. A hannun uwarta ko kakarta ta gaje shi. Ita ce mai yanke cibi, ita ce mai binne mabiyiya, ita take wanke jariri safe da yamma, ta lura da wankan jego da kunun kanwa har ranar suna. Ba wanda ya ɗauke ta aiki, don haka ba wanda zai ce ya riƙe mata albashi. Ladanta abin da mai gida ya ga dama ne: mudun hatsi, da sabulu, da wani kaso na naman suna, da ɗan kuɗi in Allah ya hore. In shekara ta yi kyau ta samu, in fari ya yi ta tafi hannu rabbana, kuma ba za ta ƙi zuwa ba in an sake kiranta. Ranar da idonta ya daina gani, aikin ya ƙare, ladan ma ya ƙare.

Ba muna cewa hannun ungozoma ya wadatar ba ne. Zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda sun fi ƙarfinta, asibiti ne maganinsu, kuma ungozoma ta gari ita ce wadda ta san lokacin da za ta ce a nemo mota. Amma ko wannan shawara ma aiki ce, rai take ceta.

Bayan ungozoma sai ma'aikaciyar lafiya ta ƙaramin asibitin ƙauye. Ita ta yi karatu, shekara biyu ko uku a makarantar koyon aikin lafiya irin ta Gwadabawa, waɗansu kuma a makarantar koyon aikin jinya da ungozomanci irin ta garin Tambuwal. Ita ke awon ciki, ita ke rigakafi, ita ke gane yaron da tamowa ta kama. A wurin da mata da yawa suke cikin kulle, kuma maigida ba zai yarda namiji ya duba matarsa ba, rashin mace a asibiti daidai yake da rufe asibitin ga rabin jama'a. Gwamnatin Tarayya ta gane haka, shi ya sa a 2009 ta fito da shirin tura ungozomomin asibiti zuwa karkara, inda aka raba nauyin biyansu tsakanin Tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. A wurare da dama kason jiha da na ƙaramar hukuma bai riƙa zuwa a kan kari ba, ma'aikatan da yawa suka koma birni. Har yanzu kuma akwai 'yan mata da samari da suka gama karatun aikin lafiya, suna zuwa asibiti kullum da sunan aikin sa kai, shekara da shekaru, suna jiran ranar da sunansu zai shiga takardar albashi. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Amfanin wannan hukunci ga mai awon ciki a Fakku zai bayyana ne a ranar da albashinta ya shigo ba tare da jinkiri ba.

Haka nan matan da suka bi gida gida suna roƙon iyaye su bari a ɗiga wa yara maganin shan inna. A watan Agustan 2020 aka ba da shelar cewa an kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Nijeriya da nahiyar Afirka. Ƙafafun waɗannan mata ne suka yi tafiyar, amma ɗan alawus ake ba su, ba albashi ba, kuma ba su da fansho.

Yanzu bari mu matso kusa da gida, domin ta uku a cikin ɗakunanmu take kwana. Daga ƙauyuka irin na Kebbe da Tambuwal, da ma na Zuru da Yawuri, ake kawo 'yan mata birni aikatau. Da yawa daga cikinmu, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa, da ba don 'yar aiki ba da ba mu iya fita neman abinci ba. Ita ce ta fara tashi, ita ce ta ƙarshen kwanciya. Sau da yawa kuɗin aikinta ba ya shiga hannunta. Wata dillaliya ce take karɓa, ta cire nata, ta aika wa uwar sauran don tarin kayan ɗaki. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2021 cewa masu aikin gida a duniya sun haura miliyan 75, kashi uku cikin huɗu nasu mata ne, kuma takwas cikin goma ba su da wata kariya ta doka ko ta fansho. Wannan ƙidaya ba ta haɗa da yara 'yan ƙasa da shekara 15 ba, alhali kuwa mun san yawancin waɗanda ake kawo mana shekarunsu nawa.

In muka jera waɗannan ma'aikata, za mu ga kamanninsu ɗaya ne. Mafi yawansu mata ne, kuma ko dai sun tsufa ƙwarai ko ƙuruciya ba ta sake su ba. Da baki ake ɗaukar mafi yawansu, da baki ake sallamarsu. Doka kuwa ba ta kai gare su ba. Albashi mafi ƙanƙanta a Nijeriya ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sa'an nan zuwa 70,000 a 2024, wato kimanin naira 2,300 ke nan a yini. Sai dai dokar ba ta tilasta wa wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Babu gidan da ke da 'yan aiki 25, babu kuma majami'ar ƙauye mai ma'aikata 25. Saboda haka abin da ke tsakanin waɗannan bayin Allah da zalunci shi ne lamirin wanda ya ɗauke su kawai. Tun kuma da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin mudu ya haura, wanda bai ƙara wa ma'aikacinsa ko kwabo ba ya rage masa ne, ko da bai sani ba.

Me Maganar Allah ta koya mana? A sura ta fari ta Littafin Fitowa an ambaci sunayen ungozomomi biyu, Shifra da Fuwa, waɗanda suka ƙi bin umurnin Fir'auna na kashe jarirai maza, alhali shi sarkin ba a ko faɗi sunansa ba. Allah kuwa ya sāka musu da iyali nasu na kansu. A Maimaitawar Shari'a sura 24 an umurci mai gona ya biya matalaucin ɗan ƙwadago a ranar da ya yi aikin, tun rana ba ta faɗi ba, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo. Wasiƙar Yakubu sura 5 ta nuna cewa ladan da aka danne yana kai ƙara gaban Ubangiji. Mu lura, a nan jinkirin biya ma laifi ne, ba sai an hana ɗungum ba. A Ayyukan Manzanni sura 6 kuma, da aka yi gunaguni cewa ana manta waɗansu gwauraye wajen rabon abinci, Manzanni ba su ce a yi haƙuri ba; sun sa aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin. Kula da iyalai marasa ƙarfi hidima ce mai tsari tun farkon Ikilisiya.

A kan wannan tushe Paparoma Leo na 13 ya rubuta wasiƙarsa Rerum Novarum a 1891, inda ya koyar cewa yardar ma'aikaci ba ta halatta ƙaramin lada ba in yunwa ce ta sa ya yarda. Bayan shekara 90, a 1981, Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya ƙara bayani a Laborem Exercens cewa lada na adalci shi ne wanda zai ishi mutum ya kafa iyali ya kuma riƙe shi, ya kuma nemi a girmama aikin da mata suke yi na renon yara. Wannan koyarwa ta rushe hujjar da muka fi so, wato "ai ita ta yarda da haka."

Sai dai kafin mu nuna wa hukuma yatsa, ya kamata mu duba namu katikis. An kafa yankin Sakkwato a ƙarƙashin limaman Dominikan a 1953, ya zama Dayosis a 1964. Ƙasar tana da faɗi, limamai kaɗan ne, saboda haka tun farko a kafaɗar katikis aikin ƙauye ya rataya, shi ya sa aka buɗe makarantar horar da su a Malumfashi, wadda ta koma ƙarƙashin sabon Dayosis na Katsina a 2023. Mukan ɗauka aikinsa koyar da katikisma ne da jagorancin sujada ranar Lahadin da Fada bai zo ba. Amma wa ake tasa in miji da mata sun yi faɗa? Wa ke raka mara lafiya asibiti, ya zauna da masu makoki, ya shirya masu aure, ya je wurin mai gari in an sami saɓani da maƙwabta? Matarsa kuma ita ke dafa wa baƙin majami'a, ita matan zumunta suke kai wa kukan da ba za su iya faɗa wa namiji ba, kuma ba a taɓa rubuta sunanta a littafin kuɗi ba. Mutum biyu suke aiki, rabin ladan mutum ɗaya ake biya.

Dokokin Ikilisiya na 1983 ba su bar wannan magana a duhu ba. Doka ta 231 ta ce wanda ba limami ba, in ya ba da kansa ga hidimar Ikilisiya, yana da hakkin samun lada mai mutunci da zai biya bukatunsa da na iyalinsa, har da tanadin rashin lafiya da na tsufa. Doka ta 1286 ta ɗora wa masu riƙe da dukiyar Ikilisiya wajibcin biyan ma'aikata da adalci. A 2021 kuma Paparoma Francis ya mai da aikin katikis hidima tabbatacciya ta Ikilisiya. Akwai katikis na sa kai, mai gonarsa ko albashinsa, wanda yake ba da ranar Lahadi da yamma ɗaya ko biyu. Allah ya sāka masa. Amma wanda muka raba da gonarsa muka tura shi wani gari, ba shi da wata sana'a sai mu, wannan ma'aikaci ne, kuma kiran aikinsa "aikin Allah" ba ya sauke mana bashinsa.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma gaskiya ce. A wurare kamar Tambuwal da Kebbe Kiristoci 'yan ƙalilan ne, da yawansu ma'aikata ne da ake yi wa canjin wurin aiki, yau suna nan gobe sun tafi. Baikon Lahadi ba zai ciyar da gidan katikis ba. Amma wannan ba dalili ba ne na barinsa da yunwa, dalili ne na raba nauyin. Manzo Bulus ya tara gudummawa daga ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya domin matalautan Urushalima, majami'un birnin Sakkwato da Gusau da Birnin Kebbi ma za su iya ɗaukar ladan katikis na ƙauye ɗaya ɗaya. Mukan yi gaggawar tara kuɗin kwano da siminti domin ana ganinsu, a karanta sunayenmu ranar godiyar kaka. Ladan katikis ba ya da allon da za a rubuta sunan mai bayarwa.

Saboda haka in kwamitin majami'a ya zauna tsara kuɗin shekara, a fara rubuta ladan katikis da na mai shara da mai gadi kafin a zo kan gini, a kuma keɓe musu kaso daga hatsin godiyar kaka, tun da hatsi ba ya faɗuwa yadda naira take faɗuwa. Zumuntar Mata Katolika kuwa ita ta fi kowa sanin gidajen da ke da 'yan aiki. A taronsu su tambayi juna shekarun yarinyar nawa, ko tana zuwa makaranta, ko tana da ranar hutu, ko ana barinta ta yi salla in Musulma ce, kuma hannun wa kuɗinta yake shiga. Yarinyar da ba ta isa aiki ba a mai da ita makaranta. Wadda ta isa, a zauna da ita da iyayenta a gaban shaida, a rubuta aikinta da ladanta da ranar biya, in kuwa ranar ta faɗo Lahadi a biya ta tun ranar Asabar.