Ki Fara da Ramin, Gidan Ya Biyo Baya

Jikata,

Mahaifiyarki ta ce in kun samu hutu za ku je Konwal, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, ku ga tsohuwar mahaƙar kuza da wani katafaren gida na masu hannu da shuni. Na ji daɗi ƙwarai. Roƙona ɗaya ne: ki fara da ramin, gidan ya biyo baya.

Mahaƙar Geevor tana ƙauyen Pendeen, dab da teku. An daina haƙa a cikinta a 1990, bayan farashin kuza ya faɗi warwas a 1985, faɗuwar da mu ma muka ji a jikinmu a Bukuru. Za su ba ki hular kwano, su shigar da ke wani tsohon rami mai ƙunci, ruwa na ɗiga daga sama. Ki yi bisimilla ki sunkuya. Amma inda nake so ki daɗe shi ne ɗakin da ma'aikata ke sauya kaya. An bar shi yadda suka bar shi, riguna a rataye, takalma a ƙasa. Kowace riga da mai ita, kuma kowane mai riga akwai wadda take zuba ido ta ga dawowarsa. Kada ki bari ɗaukar hoto ya hana ki tsayawa shiru a wurin.

In ƙafa ta yarda, ki bi gaɓa zuwa mahaƙar Levant, ba nisa. Ramukanta sun kutsa ƙarƙashin teku fiye da mil guda. Ranar 20 ga Oktoba 1919 injin da ke hawa da sauka da ma'aikata ya karye, mutum 31 suka rasu.

Kin san abin da ya sa nake nanata wannan. Mahaifina ya ɗauki kwano a Barikin Ladi. Tamu kuzar ba sai an nutsa cikin dutse ba, a fili ake tona ƙasa, a ɗora a ka, a kai wurin wanki, heluma na tsaye. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzar can, sai aka shiga ɗiban gwamna: aka kwaso maza daga lardunan Arewa ala tilas, sanyin Jos da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Gonakin Birom kuwa suka koma kududdufan da kika sani. Leburan Konwal da na Jos ba su taɓa haɗuwa ba, amma kasuwa ɗaya ce take yanke musu abin da za su ci.

Sannan ki tafi gidan, wato Lanhydrock, kusa da Bodmin. Wani attajirin Truro, Richard Robartes, wanda ya yi arziki da harkar kuza da ba da bashi, shi ya sayi wurin a 1620. Gobara ta ci mafi yawan gidan a 1881 aka sake gina shi, amma dogon zauren da aka zana labaran Attaura a rufinsa ya tsira. Ki ɗaga kai ki more kallo, gwanintar magina abin yabo ce. Bayan haka ki nemi madafa, da ɗakin madara, da ƙananan ɗakunan barori a can sama. A nan za ki ga hannayen da suka riƙe gidan.

Kada ki shiga da ƙullaci, jikata. Daga zuriyar Robartes aka samu wanda ya gina wa masu haƙa asibiti a Redruth, kuma magajin gidan, Tommy, ya mutu a yaƙi a 1915, iyayensa suka yi kuka irin na kowa. Tun 1953 gidan ya fita daga hannunsu, yau kowa sai ya yanki tikiti ya shiga.

Ki tafi da rigar sanyi mai kauri, iskar bakin tekun nan ba ta da wasa. In sun nuna miki kuzar da aka wanke, ki duba da kyau, ki kira ni ki gaya mini ko baƙa ce kamar wadda Baba ke dawowa da ita a ƙarƙashin farce.

Allah ya kai ki lafiya.

Kakanki