Dajin Yankari, Gidan Namun Daji

Idan aka ba da hutun makaranta, kowane yaro da inda ya kan nufa. Wani ya tafi ƙauye wurin kakanninsa, wani ya bi mahaifinsa kasuwa, wani kuwa ya zauna gida yana taya iyayensa aiki. Akwai kuma wata irin tafiya wadda mutum ya kan yi don kawai ya ga abin da bai taɓa gani ba, ya huta, ya ƙaru. Ita a ke kira yawon buɗe ido. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, sun kuma ce gani ya kori ji. A cikin wannan darasi za mu karanta labarin wani wuri na ƙasarmu inda mutane su ke zuwa irin wannan yawo, watau dajin Yankari. Za mu ga abin da ke cikinsa, da yadda ya kamata baƙo ya yi in ya je.

Gidan Zu da Gandun Daji

Wuri iri biyu ne a ke zuwa kallon namun daji. Na farko shi ne gidan dabbobi, wanda a ke kira gidan zu. Akwai ɗaya a Jos, wanda aka buɗe a 1957. Akwai kuma na Kano, wanda aka gina a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Baƙo, har yanzu ma da sunansa a ke kiransa. A gidan zu kamo dabbobi a ke yi, a sa kowace cikin keji ko shinge, a riƙa kawo mata abinci. Amfaninsa shi ne yana cikin gari, kuma mutum ya kan ga dabba kusa da kusa, har ya iya ƙirga faratan zaki. Amma zakin da ke kwance cikin keji, yana jira a jefo masa nama, ba zai nuna maka yadda zaki ya ke zaman duniya ba.

Na biyu shi ne gandun daji. Wannan daji ne mai faɗi wanda hukuma ta keɓe, ta hana farauta da noma da kiwo da saran itace a cikinsa. A nan dabbobi su ke nema wa kansu abinci, su haihu, su yi renon 'ya'yansu, ba mai ɗaure su. To, a gidan zu dabba ce baƙuwar mutum, a gandun daji kuwa mutum ne baƙon dabba. Ku riƙe wannan magana, gama ita ce kan darasinmu.

Inda Yankari Ya Ke

Yankari gandun daji ne a Jihar Bauchi, cikin ƙasar Alƙaleri. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu kallo a watan Disamba na 1962. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓi riƙonsa, sa'an nan a 2006 ta mayar wa Jihar Bauchi. Girmansa murabba'in kilomita 2,244 ne. Watau da a ce fili ne mai gefe huɗu daidai wa daida, kowane gefe zai yi kilomita 47, sai mai tafiya da ƙafa ya yini yana tafiya kafin ya ƙure gefe guda.

Mai zuwa daga garin Bauchi ya kan bi hanyar Gombe, in ya kai Dindima ya ratse ya nufi kudu, har ya iso ƙofar shiga a Mainamaji. A nan a ke biyan kuɗin shiga. Daga ƙofar kuma da sauran tafiya mai nisa cikin daji kafin a kai masaukin baƙi, wanda a ke kira Wikki. Tafiyar duka daga Bauchi ta ɗara kilomita 100.

Lokacin Zuwa

Da damina ciyawa ta kan yi tsawo, ganye ya rufe ko'ina, kududdufai su cika. Dabba ba ta bukatar tafiya mai nisa don ta sha ruwa, saboda haka su kan warwatsu cikin daji, ganinsu ya yi wuya. Da rani kuwa ciyawa ta bushe, ganye ya kaɗe, kududdufai su ƙafe. Amma akwai wani kogi da ya ratsa dajin, sunansa Gaji, wanda ba ya ƙafewa ko da bazara. Dole kowace dabba ta gangaro bakinsa. Don haka lokacin da ya fi dacewa da zuwa shi ne daga watan Disamba zuwa watan Afrilu, ga shi kuwa a kan sami hutun makaranta a farkon wannan lokaci da ƙarshensa.

Cikin yini ma akwai lokacin fita. Da sassafe a ke shiga mota tare da ja-gora, ko kuwa da la'asar, in rana ta yi sanyi. Da tsakar rana namun daji su kan fake cikin inuwa, kamar yadda manomi ya kan yi.

Mazauna Dajin

Babbar mazauniyar Yankari ita ce giwa. Garken giwayen nan yana cikin manyan garkunan da suka saura a Nijeriya. Giwa babba ta kan ci ganye da ciyawa da ɓawon itace wajen kilo 150 a yini guda, ta sha ruwa fiye da lita 100. Da hannunta ta ke karya reshe, da shi ta ke zuƙo ruwa ta zuba a baki, da shi kuma ta ke sansanar iska. In kun ga tana kaɗa manyan kunnuwanta, fifita ta ke yi don ta sanyaya jini. Tsohuwar mace ce ke jan garke, domin ita ta san inda ruwa ya ke da hanyoyin da ba hatsari. Giwa ta kan yi wata 22 da ciki kafin ta haifi ɗa guda. Kun ga ke nan in aka kashe giwa ɗaya, sai an daɗe kafin wata ta maye gurbinta.

Akwai ɓauna, mai kama da baƙar saniya, amma ta fi ta ƙarfi da faɗa nesa. Akwai gwanki mai lanƙwasassun ƙahoni, da kanki mai doguwar fuska, da gwambaza wanda ba ya nisa da ruwa, da mazo, da gada. A cikin ruwa akwai dorina, wadda ta kan yini a nutse, sai da dare ta fito kiwo. Kada ya kan kwanta bisa yashi da baki a wangame don ya rage zafin jikinsa. Akwai zaki ma, amma 'yan kaɗan suka rage, sai mai babbar sa'a ke ganinsu. Tsuntsaye kuwa sun fi iri 350, cikinsu har da burtu, da zabin daji, da balbela mai bin garke don ta kama farin da ƙafafunsu su ke tayarwa.

Biyu daga cikin mazaunan ba sai an fita nemansu ba, har ƙofar ɗaki su ke zuwa. Ɗaya shi ne gadu, wanda ya kan durƙusa bisa gwiwoyinsa in yana kiwo, in ya tsorata kuma ya sheƙa da wutsiya a miƙe. Ɗayan kuwa gwaggon biri ne, sarkin ɓarna. In baƙo ya bar taga a buɗe, sai ya komo ya tarar an yi masa baƙunci, an cinye guzurinsa sarai.

Ruwan Wikki

Kusa da masaukin baƙi akwai wata maɓuɓɓuga mai ban mamaki. Ruwanta daga ƙarƙashin dutse ya ke fitowa, garai-garai, har mutum ya kan hangi yashin da ke ƙasa. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, da ɗari da bazara, ba ya sakewa. Jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne, don haka mai wanka ba ya jin ƙuna, ba ya kuma jin sanyi. Dalilin ɗumin shi ne ruwan sama ya kan tsatsa cikin ƙasa, ya yi nisa ƙwarai har inda duwatsu su ke da zafi, sa'an nan ya sami kafa ya ɓullo. Daga nan ya ke malala ya shiga kogin Gaji. Irin waɗannan maɓuɓɓugai su ne ke ciyar da kogin, shi ya sa ba ya ƙafewa. Ashe ruwan da baƙo ya ke wanka a ciki shi ne ke raya giwa da bazara.

A cikin dajin kuma akwai alamun mutanen da. Akwai koguna da suka sassaƙa jikin dutse, da tsofaffin rijiyoyi, da wuraren da maƙera suka narka tama suka fid da ƙarfe.

Ladabin Baƙo

Kowane gida da ƙa'idarsa, baƙon kirki kuwa ba ya karya ta. Ga ƙa'idodin wannan gida.

Kada a sauka daga mota sai ja-gora ya ba da izini. Giwa mai ɗa, da ɓauna, da dorina, duk su kan kashe mutum in ya matse su, kuma duk sun fi shi gudu.

Kada a yi ihu ko kiɗa. Dabba tana da kunne da hanci fiye da namu. In ta ji hayaniya sai ta gudu, watakila ta bar ruwan da ta yi tafiyar yini don ta sha, ku kuma ku koma gida ba ku ga kome ba.

Kada a ba biri abinci. Birin da ya saba da karɓa daga hannun mutum, ran da aka hana shi ƙwacewa zai yi, har ya yi cizo.

Kada a yar da leda ko gwangwani ko kwalba. Dabba ta kan haɗiye leda, ta toshe mata ciki, ta mutu, kamar yadda ku kan ga ya faru ga awaki cikin gari.

Kada a kunna wuta inda ba a yarda ba. Ashana ɗaya da rani ta isa ta ƙone kiwon garke duka.

Abin da Ya Tafi

Da akwai raƙumin dawa a Yankari, akwai kyarkeci, akwai maraya da barewa. Yau babu su, farauta ta ƙare su. Giwaye ma sun sha wuya a hannun ɓarayin daji masu neman haure. Masu gadin dajin su kan yi kwana da kwanaki suna sintiri da ƙafa don su tsare abin da ya rage, wasunsu har sun rasa rayukansu a bakin aikin.

Akwai kuma wata wahala. Giwa ba ta san iyaka ba. Wani lokaci garke ya kan fita daga gandun ya faɗa gonakin ƙauyukan da ke kewaye, ya cinye cikin dare ɗaya dawar da manomi ya yi damina yana wa wahala. Mutumin da aka yi wa haka ba ya ganin kyaun giwa. Saboda haka tsaron daji ba ya yiwuwa sai an kula da maƙwabtansa, an taimake su tsare gonakinsu, an kuma ba 'ya'yansu aiki cikin gandun, su ma su ci moriyar baƙi.

In an yi haka, dabbar da ta kusa ƙarewa ta kan farfaɗo. A ƙasar Nijar, wajen garin Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai, akwai raƙuman dawa waɗanda irinsu ya ƙare a sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. A 1996 ba su fi 50 ba. Hukuma ta hana kashe su, mutanen ƙauyukan suka yarda su zauna tare da su, wasu suka zama ja-gorar masu kallo. Kafin 2020 sun haura 600.

To, yara, duk wanda Allah ya nufa da zuwa Yankari, ko gidan zu na kusa da garinsu, ya tafi da littafi da fensir. Ya rubuta sunan kowace dabba da ya gani, da abin da ta ke ci, da yadda ta ke tafiya, ya zana sawunta in ya samu. In an koma makaranta ya karanta wa 'yan ajinsu. Kuɗin shiga da ya biya yana cikin abin da a ke riƙe dajin da shi, ladabin da ya nuna kuwa yana cikin abin da zai sa ƙannensa su tarad da giwa in lokacinsu ya zo.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin gidan zu da gandun daji?
2. A wace shekara aka keɓe dajin Yankari, a wace shekara kuma aka buɗe shi ga masu kallo?
3. Don me aka fi ganin namun daji da rani?
4. Me ya sa ruwan Wikki ya ke da ɗumi?
5. Kawo ƙa'idodi uku na baƙo, ka faɗi dalilin kowace.
6. Tambayi wani tsoho a garinku sunayen namun dajin da ya gani yana yaro. Rubuta su, ka ja layi ƙarƙashin waɗanda ba a gani yanzu.