Kuɗin Gyaran Gidan Gado: Wa Zai Biya Nawa?

Tambaya: Mu huɗu ne magada, maza biyu da mu mata biyu. Yayanmu ya sauya kwanon gidan da Baba ya bari bai shawarce mu ba, yanzu ya ce a raba kuɗin daidai.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan Baba. Ɗawainiyar gida tana bin rabon kowa a cikinsa. Aya ta 11 a Suratun Nisa'i ta bai wa namiji rabon mata biyu, don haka gidanku kashi 6 ne. In an kashe naira dubu 600, kowane namiji dubu 200, ke da 'yar'uwarki dubu 100 kowacce.

Amma kada ku tauye Yaya. In damina ta sa kuna tara bokiti a tsakar ɗaki, gyaran ya zama dole. Ya kawo rasit da lissafin kafinta, ku biya. Tayil da fentin ƙawa kuwa, wanda ya so su shi zai ɗauka.

Ku zauna gaban baffanku ko limamin unguwa, a rubuta yarjejeniya da shaidu. In yarjejeniyar ta ƙi, kotun shari'a ta raba. Wanda zai sayar da kasonsa, ku ke da haƙƙin shufu'a, wato ku fara saya kafin bare.