Darasin Lafiya: Ƙoƙon Kai da Maɗigar Jariri

Wanda ya taɓa ratsa Kasuwar Kurmi a cikin birnin Kano ya ga ƙore iri iri, kuma kowa ya san yadda a ke ɗinke ƙwarya in ta tsage. To, 'yan'uwa manoma, ƙoƙon kanmu ma ɗinkakke ne. Ba ƙashi guda ba ne, ƙasusuwa 22 ne: 8 sun rufe ƙwaƙwalwa, 14 na fuska. In an ci kan rago, ku duba ƙashin, za ku ga layuka masu lanƙwashe-lanƙwashe inda ƙashi ya kama ƙashi. Duk cikinsu muƙamuƙin ƙasa kaɗai ke motsi. Sa yatsa a gaban kunnenka, ka buɗe baki, za ka ji gaɓar.

A kan jariri ɗinkin bai ƙarasa haɗuwa ba. Wannan ne ke barin kai ya matsu ya fito lokacin haihuwa, ƙwaƙwalwa kuma ta sami wurin girma. Wurin nan mai taushi a tsakar kai, mai bugawa, shi ne maɗiga. Ba ciwo ba ne. Kan kowane jariri haka ya ke, ta kan rufe da kanta wajen shekara ɗaya da rabi.

Amma a riƙa dubanta, gama tana ba da labarin jiki. In yaro yana zawo ko amai, maɗiga ta lotsa, ruwan jikinsa ne ya ƙare. Na sha ganin iyaye mata sun tafi birni neman ƙullin magani, su kwaɓa, su shafe maɗigar da shi. Ba na ganin laifinsu, tsoro ne ya kai su. Sai dai ƙishirwa ba ta shiga ta ka, ba ta kuwa fita ta nan. A ci gaba da ba shi nono. A sami ƙunshin ORS a dama yadda aka rubuta. In babu, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, ba a cika su da tozo ba, cikin tafasasshen ruwa lita 1 da ya huce. A ba shi kaɗan kaɗan da cokali, a nufi asibiti.

In kuwa maɗiga ta kumbura ta yi tauri alhali yaro ba kuka ya ke ba, ga zazzaɓi, ga ƙin mama, ana tsoron sanƙarau. Dattawanmu ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta yi ɓarna ƙwarai a Kano. Kada a jira gari ya waye, kada a tsaya neman wanzami. Waɗanda ke kusa da birni su kai shi Asibitin Yara na Hasiya Bayero ko Asibitin Murtala Muhammad, na ƙauye kuwa asibiti mafi kusa.

A taron ƙungiya na gaba, a karanta wa mata wannan darasi, kowace ta zo da cokalinta a gwada awon tare.