Amsoshin Tambayoyinku: Wane Irin Lada Ne Ke Ƙara wa Ma'aikaci Himma?

Malam Haruna daga Tafoki, ƙaramar hukumar Faskari, ya rubuto yana cewa yakan ɗauki 'yan ƙwadago a gonarsa, yana son sanin wanne ya fi sa mutum ƙwazo: kuɗi, kyauta ko yabo?

To Malam Haruna, mun gode. Kowane lada da irin aikin da yake haifarwa. Ɗauki jinga. Mai jinga yana sauri, domin gama aikin shi ne kuɗinsa, amma saurin kan ci ingancin aiki. In ana biyan tsinkar auduga bisa awo, kada ka yi mamakin ganin ganye a buhu. Mai aikin yini kuwa yakan natsu, sai dai in ba ido a kansa, hira ta fi noma yawa.

A shekarar 1959 wani masani ɗan Amurka, Frederick Herzberg, ya nuna cewa albashi yana kawar da gunaguni ne, amma himma tana zuwa daga yabo da amana da ci gaba. Hakan bai rage darajar kuɗi ba. Ko gwamnatin tarayya sai da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 a 2024, don mai jin yunwa ba ya jin yabo.

Saboda haka, Malam, fara biyan haƙƙi a kan lokaci. Sannan ka yaba wa wanda ya gyara aiki a gaban 'yan uwansa, ka ɗan ƙara masa ihsani ranar girbi. Allah Ya ba da damina mai albarka.